Baƙo ya zo ganin Kano, mun kai shi shan askirim

1/ Zaren nan zai yi tsawo, kuma na san wasu ƴan Kano za su ji haushina. To ku ji. Ni ma haushin kaina nake ji tun ranar Asabar. Magana ce a kan abin da muke yi idan baƙo ya zo ya ce mu zagaya da shi gari.

2/ Ɗan gwaggona ne ya zo daga Kumasi. A can aka haife shi, a Zango, shekararsa 25, bai taɓa taka Kano ba sai wannan karon da biki ya kawo su. Taubashina ne, don haka tun da ya sauka nake tsokanarsa da Hausarsu, wadda mace ma "ya zo" ake ce mata.

3/ Kwana ɗaya tak ya samu babu hidimar biki. Ya ce, "Ɗan kawu, gobe ka nuna min Kano." Na ce an gama. Na shiga guruf ɗin ƴan ajinmu na tambaya ina ya kamata in kai baƙo. Amsoshi suka yi ta shigowa: mol, wajen shawarma, wajen askirim, gadar sama a yi hoto.

4/ Babu mutum ɗaya, ɗaya tak, da ya ambaci wani wuri da ke cikin ganuwa. Kuma wallahi ban lura ba. Daɗi ma na ji, na ce yau zan nuna wa mutumin Gana cewa mu ma mun waye. Ɗaliban jami'a ne fa mu duka, har da masu karanta tarihi a cikinmu.

5/ Da safe muka tari adaidaita. Mol muka fara. Sanyin esi, tayil na sheƙi, turare. Ina ta baza hannu kamar babana ne ya gina. Shi kuwa yana biye da ni yana cewa "masha Allah" irin ta ladabi, wadda ake yi wa yaro idan ya nuna maka zanen da ya yi.

6/ Muka ci shawarma, muka ɗora askirim. Na biya kusan dubu goma sha biyu ban ce uffan ba. Ku riƙe wannan kuɗin a ranku, zan dawo kansa.

7/ Daga nan Kantin Kwari, wai ya saya wa gwaggo tsaraba. Kwari kasuwa ce ta gaske, ba na raina ta, ana zuwa sari daga Nijar da Chadi da Kamaru. Amma duk bandir ɗin da ya ɗaga sai ya duba gefe ya tambaya a ina aka yi. Chana. Chana. Wannan kuma Indiya.

8/ Wajen sha biyu da rabi, muna tsaye muna jiran abin hawa, ya dube ni ya ce, "To yaushe za mu je Kanon?"

9/ Na yi dariya na ce ina kake tun safe? Ya ce a'a. Mol akwai a Kumasi, akwai waɗanda suka fi wannan a Ankara. Shawarma kuwa har a bakin layinsu ana yi. Shi Kanon da kakansa yake ba su labari yake nema: Kurmi, marina, Dala, badala.

10/ Kakansa na wajen uba bafatake ne. Zuriyar mutanen da suke tashi daga nan da jakuna, ɗauke da kanwa da baƙin zane da kayan fata, su yi wata da watanni kafin su kai Gwanja, su sayo goro a Salaga su juyo. Wasu ba su juyo ba. Su ne suka cika zangunan Gana.

11/ Wato mutum ya tsallako ƙasa uku don ya ga inda ayarin ya tashi, ni kuma na kai shi ya ga firij ɗin lemo.

12/ Ga inda kunyar take. Na ce to mu je. Sai na tarar ban san ta ina ake farawa ba. An haife ni a garin nan, shekara 22. Na san duk wajen da ake gasa kaza daga Zoo Road zuwa titin BUK. Ban taɓa shiga marinar Ƙofar Mata ba. Na wuce ta a mota ya fi sau dubu.

13/ Mai adaidaitan da muka samu, dattijo ne mai furfura a gemu, shi ya tsara mana. Ya ce, "Samari, ku fara da Ƙofar Mata, ku yi azahar, ku shiga Gidan Makama, ku gangara Kurmi, ku ci gurasa a Jakara, in rana ta yi sanyi ku hau Dala." Bai duba waya ba.

14/ Marinar Ƙofar Mata tun 1498 take, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Ku lissafa. Sama da shekara ɗari biyar ana tsoma zane a rami a wuri ɗaya. Kuma ba gidan tarihi ba ne da aka jera kaya a gilashi, wurin aiki ne, mutane na neman abincinsu a ciki yau ɗin nan.

15/ Wani baba ya zaunar da mu a bakin raminsa ya yi mana bayani. Ruwa, toka, baba, sai katsi. A haɗa a bar shi ya yi kwanaki yana ruɓa, ana motsawa, har ya nuna. Babu wani sinadarin kanti. Wari kam akwai shi, ba zan ɓoye muku ba, sai da na toshe hanci da farko.

16/ Ya tsoma farin ƙyalle ya ɗago. Ni na zaci shuɗi zai fito. Kore-kore ya fito! Muna kallo iska na bugunsa yana juyawa shuɗi a gabanmu. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa. Ya ce yawan tsomi shi ne duhun launi, mai son baƙi ƙirin sai ya yi haƙuri.

17/ Na yi kemistiri shekara uku a sakandare, an koya min abin da iska ke yi wa sinadari, na haddace na zuba a jarrabawa na manta. Ga shi nan a rami, tafiyar minti ashirin daga gidanmu, ba wanda ya taɓa cewa mu je mu gani.

18/ Can gefe mabuga suna ta aiki, sun ɗora zane a kan gungume suna dukansa da ƙatuwar tabarya har ya yi ƙyalli. Ɗan'uwan nawa ya tsaya cak. Ya ce kakansa ya bar wani rawani mai irin wannan sheƙin a akwati, ba a bari kowa ya taɓa. Baban ya ce, "Ɗan Kura ke nan."

19/ Amma ku je ku ƙirga ramukan da ke aiki. Da yawa sun bushe, wasu an cika su da shara da leda. Masu aikin yawanci dattawa ne. Na tambayi baban su wa ke zuwa saye. Ya ce baƙi. Turawa jefi-jefi, mutanen Legas, Buzaye. Na ce ƴan gari fa? Ya yi murmushi kawai.

20/ Yanzu ku ji abin da na yi. Ɗan'uwana ya zaɓi zane mai ɗaurin zobe-zobe, baban ya faɗi kuɗi. Kafin ya rufe baki na ce, "Haba Baba, ai mu ƴan gida ne, a rage." Na shiga ciniki haiƙan, ina jin kaina gwani, har na zabge masa kusan dubu uku.

21/ Da muka fito ɗan'uwan ya ce, "Ɗazu da aka ba ka rasit a wajen askirim ban ji ka ce a rage ba." Ya koma ciki ya cika wa baban kuɗinsa. Na tsaya a bakin titi kamar an watsa min ruwan sanyi.

22/ Kuma ba ni kaɗai ba ne, kar ma wani ya zo yana min wa'azi. Haka muke duka. Inda aka sa gilashi da esi, ko nawa aka rubuta sai mu miƙa kati muna murmushi. Inda tsoho ya sa hannunsa a rami har farcensa ya rine, nan ne muke tuna cewa tattalin arziki ya yi wuya.

23/ Mun yi azahar, muka shiga Gidan Makama, nan kusa da Gidan Sarki. Ginin ƙasa ne tun ƙarni na 15, Rumfa ya zauna a ciki kafin ya hau gado. Da Turawa suka ci Kano a 1903 sun yi ofis a nan. Kuɗin shiga bai kai rabin shawarma ɗaya ba.

24/ Abin da ya fara dukana sanyin ɗakunan ne. Rana na ƙuna a waje, ciki kuwa lumus, babu fanka babu esi. Katanga mai kauri, rufin azara, bakan gizo. Mu kuma mun rushe irin waɗannan a unguwanninmu mun yi bulo da kwano, muna kwana a tsakar gida muna zagin ƴan wuta.

25/ Akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da sulke da kayan yaƙi, da hotunan zamanin zuwan Turawa, da ɗakin amarya irin na da da jerensa. Ma'aikacin da ya zagaya da mu ya san aikinsa. Mu biyu ne kawai a wurin, sai wasu mata uku da yaransu. Ranar Asabar fa.

26/ Ɗan'uwana ya ce su a Kumasi tun suna firamare ake kwasarsu a bas a kai su gidan tarihin fadar Manhyia. Baƙo kuwa in ya zo, dole a kai shi Bonwire ya ga masu saƙar kente, ya saya da tsada, ya tafi yana godiya. Shi Bahaushe ne, amma ya san tarihin Asante tsaf.

27/ Ni an taɓa kai mu yawon makaranta sau ɗaya. Gidan zu.

28/ Kurmi kuwa sai da na riƙe rigarsa don kar mu rabu. Lungu cikin lungu, wani wurin mutum biyu ba sa iya jerawa. Ita ma Rumfa ne ya kafa ta. Nan ne ayarin Sahara ke sauke gishiri da kayan Turabulus, ya ɗauki zane da fata ya yi arewa.

29/ Fatar jar akuya da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, daga ƙasar Hausa take tashi, ta ratsa hamada, sunan wasu ya hau kanta. Har yau ga dukawa nan a zaune suna ɗinka jaka da takalmi da titimi. Mu kuma muna yawo da silifas ɗin roba mai tambarin bogi.

30/ Mun ga masu sirdi da linzami da kayan adon doki, masu tasoshin tagulla, masu ƙwarya da faifai, masu kayan ƙamshi da jiƙe-jiƙe. Ya sayi takalmi biyu, da jakar fata, da kanwa ƙulli guda don tsokana, wai zai kai wa babansa ya ce ga jarin kaka ya dawo.

31/ A wani lungu ya tambayi wani tsoho mai goro ko ya san Gwanja. Tsohon ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Kai ɗan wane gida ne a can?" Suka shiga lissafin zango-zango da sunayen fatake. Rabin sa'a ina tsaye. Ni ɗan gari na koma baƙo, baƙo ya koma ɗan gida.

32/ Sai gurasa a Jakara. Bandashe: a tsoma ta a ruwa ta yi laushi, a barbaɗa ƙuli, a zuba man gyaɗa, albasa, tumatir, yaji, a yanka tsire a kai. Mun ci mun ƙoshi mu biyu, mun kora da kunun tsamiya, kuɗin bai kai abin da na biya na askirim kaɗai ba.

33/ Ya ci yana gumi yana cewa wannan fa, wannan ita ce ba su da ita. Ya ɗauki hoto ya tura wa gwaggo. Ta turo murya tana faɗa, wai shekara nawa rabonta da gurasar Jakara, in bai taho mata da ita gidan biki ba kar ya dawo.

34/ Ku gaya min, me ya sa in baƙo ya zo muke ɓoye gurasa da ɗanwake da dambu da fura, mu kai shi cin abincin da ko sunansa ba mu iya faɗa daidai ba? Amsar ba ta da daɗi: kunya muke ji. Mun ɗauka duk abin da aka ci da hannu a kan benci na talaka ne.

35/ Na san abin da za a cika min akwati da shi. "Cikin gari akwai datti." E, akwai. Kwatar Jakara ba ta ƙamshi. Leda ta ko'ina. Amma wa ya zubar? Aljanu? Kuma wurin da masu ilimi da masu kuɗi suka daina takawa, wa zai yi ihu a kwashe masa shara?

36/ "Ana ƙwacen waya." Wannan gaskiya ne, ba wasa ba ne, an rasa rayuka a kai. Ni ma wayata a aljihun ciki ta wuni. Amma ƙwacen waya bai tsaya a cikin ganuwa ba, har a manyan tituna ana yi, ban ga an daina zuwa cin kaza ba. Ku tafi da rana, ku tafi da wanda ya san wurin.

37/ "Laifin gwamnati ne." Suna da nasu, babba ma. Badalar da Sarki Gijimasu ya fara tun wajen shekarar 1100, an bari ana yankarta ana fili, ana ɗibar ƙasarta ana gini. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka maye ta da sabuwa.

38/ Tun 2007 ganuwar Kano take cikin jerin wuraren da ke jiran UNESCO ta amince da su. Tana jira tana narkewa. Amma fa ɗan siyasa abin da jama'a ke so yake bi. Ya ga muna tururuwar yin hoto a gadar sama, ba ya ganin kowa a badala. Me kuke so ya gina?

39/ Da UNESCO ta sa hawan sallar Kano a jerin al'adun duniya a ƙarshen 2024, kowa ya sa a sitatus, "Kano ta Dabo", wuta-wuta. A cikin masu sitatus ɗin nan mutum nawa ne suka taɓa zuwa inda ake ɗinka kayan dokin da suke alfahari da shi? Ni dai sai shekaranjiya.

40/ Akwai kuma wanda ya ce min a guruf wai hawa Dala bai kamata ba, wurin tsafi ne. Malam, ba wanda ya je gaida Tsumburbura. Sanin cewa Barbushe ya zauna a nan kafin Musulunci ya kafu ba bauta ba ce. In ba ka san inda aka fito ba, ta yaya za ka san girman abin da aka samu?

41/ Bayan la'asar muka hau. Matakala ce, ba wuya, amma sai da na huta sau biyu, shi ko a jikinsa. A 1851 wani Bajamushe, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo garin nan, kuma zanen Kano daga kan Dala yana cikin littafinsa. Ya zo daga Turai. Ni daga Gwale na kasa zuwa.

42/ Daga sama ka ga komai. Goron Dutse can yamma, hasumiyoyin masallacin Juma'a, rufin kwano har iyakar gani, tsirarun gidajen ƙasa da suka rage a tsakani. Na yi ta neman layin badala da ido. Guntu nan, guntu can, kamar haƙoran tsoho.

43/ Saman dutsen kansa ba a kula da shi yadda ya kamata, kuma gidaje sun matso har gindinsa. Yara ne suka zagaye mu, kowa na son ya ba mu labarin Barbushe a ba shi na alewa. Labarin nasu rabi ƙari ne. Amma sun fi ni sani, ni mai aji uku a jami'a.

44/ Ba cewa nake kar a je mol ba. Ku je, ni ma zan koma, zafi ya yi yawa a garin nan. Abin da nake cewa, wanda ya ce ka nuna masa Kano ka kai shi can, ka yi masa ƙarya. Ka nuna masa abin da kowane gari ke da shi, ka ɓoye wanda babu a ko'ina sai nan.

45/ Kuma asara ce ta kuɗi tsagwaronta. Duk abin da ya kashe da safe, rabinsa ya tafi Chana. Abin da ya kashe da yamma ya shiga aljihun marini, da baduku, da mai gurasa, da mai adaidaita. Ga shi ya ce zai dawo da abokansa biyu da babbar salla, kuma ba don askirim ba.

46/ Muna zaune a kan dutsen aka fara kiran magariba. Masallaci ɗaya, sai goma, sai gari duka ya ɗauka ta kowace kusurwa. Ya kunna rikoda a wayarsa ya ɗaga sama, bai ce komai ba har aka gama. Ya ce babansa zai tura wa.

47/ Da muna saukowa ya ce, "Ɗan kawu, in na dawo ni zan zagaya da kai." Na ce ka fara koyon cewa "ta zo" tukuna.

48/ Na mayar da hotunan guruf ɗin ajinmu. Mutum huɗu sun tambaye ni wai wane gari ne wannan. Ɗaya daga cikinsu gidansu na Yakasai.

49/ Na bar farar shaddata a wajen baban marina, ya ce in dawo ranar Asabar mai zuwa bayan azahar. Wanda zai bi ni ya yi magana, adaidaita na ɗaukar mutum uku, kowa ya biya nasa. Wanda kuma ya san zai ce "Baba a rage", ya yi zamansa a gida.